Ƙullin Bahago

A tsibirin Amantani na tashi,
inda tafkin Titikaka ya kewaye mu kamar zobe,
ruwan da sanyinsa ke cizon ƙashi
ko da rana tana tsaka.

Mahaifiyata, Prudencia Yanarico,
ba ta san ko harafi ɗaya ba.
Amma ba ta ulu da mazari ka sha kallo:
yatsunta sun fi idon wasu gani.

Malam Cutipa ya zo mana daga Puno cikin jirgin ruwa,
da jaka ɗaya, da tari mai taurin kai,
da alli a hannun hagu.

Ina shekara tara ya miƙo mini takarda:
"Kai wa innarka."
Na san abin da ke ciki.
Kwana uku kujerata tana zaman kaɗaici,
ni ina bakin ruwa ina farautar kwaɗi.
Da dare, a gindin murhu,
na warware ta, na karanta da murya mai zaƙi:
"Ɗanki Wilber zakara ne a aji."
Ta yi murmushi, ta ƙara mini dankali.
Dankalin nan a wuya ya tsaya mini.

Ran Asabar sai ga shi yana hawan tudu,
ya tsaya, ya yi haki, ya ci gaba,
tumakinmu na kallonsa kamar mai karɓar haraji.
Ta shimfiɗa masa bargo, ta kawo shayi.
Magana ta fito a hankali,
kamar ƙaya daga tafin ƙafa.
Na jira bulala.
Ba wanda ya ɗaga hannu.

Sai ta tsinko zare biyu, ja da baƙi,
ta ɗaura a hannun jakata.
"Takarda da bakin yaro take magana,
zare kuwa da hannuna.
Jan naka ne, Malam:
ya zo ya yi aiki, ka ƙulla.
Baƙin nawa ne:
ya ɗebo ruwa, ya faɗi gaskiya, in ƙulla.
Kowa ya riƙa duba na ɗan'uwansa."

Haka na zama ɗan aike
mai ɗauke da shaidar kansa,
safe in gangara, yamma in hau.

Hali ba ya mutuwa a dare ɗaya.
Ranar da jirgin 'yan kasuwa ya iso
na ɓace tsakanin buhunan lemo,
na dawo na ƙulla jan da kaina.
Fitila ba mai, ɗaki duhu.
Ta shafa zaren sau ɗaya ta ce,
"Wannan ƙullin mai hannun dama ne.
Malaminka bahago ne, ɗana."
Ta sa haƙori ta kwance shi,
ba ta ƙara ko uffan ba.
Ban yi barci ba.

Da safe ta biyo ni har aji,
ta zauna a baya, mazarinta na juyi,
yara na ƙunshe dariya.
Malam bai tambayi kowa komai ba.
Ya ba ta allo, ya zana harafin farko na sunanta,
ya ce, "Sauran Wilber zai koya miki."

Kowane dare ni da ita da fitila.
Harafinta ya karkace, ya miƙe,
harshena ma haka.
Wa zai iya yi wa ɗalibinsa ƙarya
alhali tana bin yatsansa layi-layi?

Yau dukansu biyu sun kwanta dama.
Ni ke gyaran injin jirage a bakin gaɓa,
malamar 'yata ta waya take aiko saƙo,
amma ran Juma'a nakan wanke hannu in je da ƙafata.

Zaren yana nan cikin akwati.
Nakan ƙirga ƙullin in na rasa barci.
Akwai wuri ɗaya a jikin jan
da ya lanƙwashe, babu ƙulli.
Shekara talatin ke nan,
ya ƙi miƙewa.